Yadda ake komawa birnin Fukuoka da zama: takardu, gidan haya da kuɗin da ya kamata ka tanada

Kafin ka kwana ko dare ɗaya a ɗakin da ka kama haya a Japan, sai ka zube kuɗin da ya kai hayar wata huɗu zuwa shida a gaban dillali. Ɗakin kuma fayau za ka same shi, babu gado, babu firiji, wani ma ko ƙwan fitila babu. Albashinka na farko kuwa ba zai shigo ba sai bayan wata guda ko fiye da fara aiki. A nan sabon zuwa yake shan wuya. Wanda ya tsallake makonni shida na farko da kuɗinsa a hannu, takardunsa kuma ya bi su daki-daki, sauran rayuwar lissafi ce da za a iya riƙewa.

Na ɗauki Fukuoka ne don bayanin ya tsaya a kan wuri ɗaya. Shi ne birni mafi girma a tsibirin Kyushu da ke kudu maso yammacin ƙasar, mutanensa sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, haya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da Tokyo, akwai Jami'ar Kyushu, akwai kuma masallaci. Dokokin shige da fice da inshora da haraji ɗaya ne a duk faɗin ƙasar, don haka mai zuwa Osaka ko Nagoya ma zai amfana. Kuɗaɗen da zan ambata da yen ne. A shekarar 2025 dalar Amurka ɗaya tana kai-kawo ne a kusa da yen 150. Ka duba canjin ranar da kake karantawa ka mayar da su naira ko sefa da kanka.

Mataki na farko: tun kana gida

Zama na dogon lokaci a Japan daga can yake farawa. Makarantar da ta ɗauke ka ko kamfanin da ya ba ka aiki shi ne zai nema maka takardar cancanta, wadda kowa ke kira COE, daga hukumar shige da fice ta Japan. Idan ta fito sai ka kai ta ofishin jakadancin Japan tare da fasfo a buga maka biza. Ga mutanen Najeriya ofishin yana Abuja. Wa'adin takardar wata uku ne, dole ka shiga ƙasar kafin ya cika.

A yi hattara da dillalan biza. A watan Agustan 2025 labari ya bazu cewa an ware wa 'yan Najeriya birnin Kisarazu har da wata biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta ƙaryata batun bizar, hukumar JICA, mai kula da tallafin da Japan ke ba ƙasashen waje, kuma ta soke gaba ɗaya a watan Satumba shirinta na ƙawance tsakanin wasu garuruwan Japan da ƙasashen Afirka, wanda daga shi labarin ya samo asali. Duk wanda ya ce zai sayar maka da gurbi a wannan shiri, kuɗinka yake so.

Wajen haɗa kaya, abin da zai fi ba mutanenmu haushi shi ne kilishi. An haramta shiga da nama ko wani abin da aka yi da nama, busasshe ne ko soyayye, har da dambun nama. Akwai karnuka masu sansana jakunkuna a filayen jirgi, kuma hukuncin zai iya kai tarar yen miliyan uku ko ɗaurin shekara uku. Ɗanyun 'ya'yan itace da iri su ma suna da nasu ƙa'idojin, sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Duk abin ci da ka ɗauko, ka bayyana shi a wurin masu dubawa, in za su karɓe su karɓe. Magungunan mura da tari masu ɗauke da kodin ko sudo'efedrin ana sa musu ido sosai. Mai shan magani kullum ya taho da takardar likita. Tsabar kuɗin da ta haura yen miliyan ɗaya, ko kwatankwacinta a dala, sai an rubuta ta a takardar kwastan.

Kada ka wahalar da kanka da dutsen guga ko hita. Wutar Japan bolt 100 ce, soket ɗinta mai siraran baki biyu. Cajar waya da ta kwamfuta za su yi aiki idan ka sa musu adafta, sauran kayan wuta ka saya a can.

Mataki na biyu: a filin jirgi

Filin jirgin Fukuoka yana cikin waɗanda ake ba da katin zama, wato zairyu kado, nan take, haka ma Narita da Haneda da Kansai idan ta can ka fara shiga. Wannan katin shi ne shaidarka a ko'ina, kuma doka ta ce ya kasance a jikinka kullum. Ɗan sanda na iya tsayar da kai ya nema, rashinsa na iya jawo tarar da ta kai yen 200,000.

Ɗalibi kada ya bar teburin nan sai ya miƙa fom ɗin neman izinin aikin wucin gadi. Shafi ɗaya ne, za a buga hatimin a bayan katin a take. Wanda ya manta sai ya je ofishin shige da fice na cikin gari ya jira makonni. Izinin awa 28 ne a mako, a haɗe duk wuraren da kake aiki, sai lokacin dogon hutun makaranta da ake yarda da awa 8 a rana. Ba a yarda ɗalibi ya yi aiki a gidan caca na pachinko ko mashayar da ake zama da baƙi ba, ko da wanke-wanke ne. Masu ƙetare awannin nan ranar sabunta biza suke gane kurensu.

Daga ɓangaren jiragen ƙasashen waje akwai bas kyauta zuwa ɓangaren cikin gida, daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa tasha biyu ne kawai zuwa Hakata, babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, kamar minti biyar.

Mataki na uku: adireshi, domin komai a kansa ya rataya

Ga ƙullin da ke cikin lamarin. Banki ba zai buɗe maka asusu ba sai da adireshin da aka yi wa rajista. Kamfanin waya ma haka. Mai gidan haya kuma yana son lambar wayar Japan da asusun banki kafin ya ba ka ɗaki. Hanyar warware shi ita ce ka sauka a wurin wucin gadi da za a iya yi wa rajista: masaukin ɗalibai na jami'a, gidan da kamfani ya tanada, gidan haɗaka da ake kama ɗaki ɗaya a raba kicin, ko ɗakin da ake haya wata-wata da kayansa a ciki. Otal na kwana-kwana galibi ba ya shiga wannan lissafin. Irin wannan masauki ya fi tsada a wata, amma shi ke buɗe sauran ƙofofin, kuma zai ba ka damar zagaya unguwanni da ƙafarka kafin ka sa hannu a kwantiragin shekara biyu.

Fukuoka tana da gundumomi bakwai: Higashi, Hakata, Chuo, Minami, Jonan, Sawara da Nishi, kowace da ofishinta, wato kuyakusho. Cikin kwana 14 da samun wurin zama ka je ofishin gundumarka da fasfo da katin zama. Ka ware rabin yini, ka je da safe, ka gama waɗannan a zama ɗaya.

Za a rubuta adireshinka a bayan katin. Ka nemi kwafi ɗaya ko biyu na takardar shaidar zama, juminhyo, kowace 'yan ɗaruruwan yen ce, za a tambaye ka ita a wurare da dama. Lambar mazaunin ƙasa mai lamba 12 da ake kira My Number za ta biyo ka ta gidan waya daga baya, don haka ka tabbata sunanka yana jikin akwatin wasiƙunka, in ba haka ba masinja zai koma da ita.

Sai inshorar lafiya. Ma'aikacin kamfani na cikakken lokaci wurin aikinsa ne zai sa shi a tsarin shakai hoken. Ɗalibi da mai zaman kansa a nan ofishin za su shiga inshorar ƙasa, kokumin kenko hoken. Ko wacce ce, kashi 30 cikin ɗari na kuɗin asibiti kake biya. Ana lissafa kuɗin inshorar ne bisa abin da ka samu a Japan a shekarar da ta gabata. Kai da ka zo yanzu ba ka samu komai ba, to ka faɗa musu hakan a rubuce, su cika maka fom ɗin. Da wannan bayanin ake rage kuɗin sosai, ya dawo kamar yen dubu biyu a wata. Wanda bai bayyana ba, takardar biya mai nauyi ce za ta same shi.

Teburin ƙarshe na fansho ne. Duk mazaunin ƙasar mai shekara 20 zuwa 59 dole ya shiga, baƙo ko ɗan gida. A shekarar kuɗi ta 2025 yen 17,510 ne a wata. Ɗalibi na iya neman a ɗage masa, mai ƙaramin ƙarfi kuma a yafe masa duka ko wani kaso, amma sai an nema, kuma ana sabuntawa kowace shekara. Yin shiru ka ƙi biya daban yake da neman a ɗage maka, na farkon bashi ne da ake rubutawa a kanka.

Mai iyali ya tambayi teburin kuɗin tallafin yara. Tun daga Oktoban 2024 ana ba da yen 15,000 a wata ga yaro ɗan ƙasa da shekara uku, 10,000 daga nan har ƙarshen sakandare, 30,000 ga ɗa na uku zuwa sama, kuma 'ya'yan baƙi mazauna ƙasar suna ciki. Ka kuma sani dokar Japan mace ɗaya ta sani a aure, mai mata biyu ya yi wannan shawarar tun a gida.

Mataki na huɗu: layin waya da banki

Da katin da aka rubuta wa adireshi sai ka nemi layi. Kada ka shiga babban shago a ɗaura maka tsari mai tsada tare da sabuwar waya. Akwai tsare-tsare masu sauƙi irin su ahamo da povo da LINEMO da Rakuten Mobile, daga kamar yen 1,000 zuwa 3,300 a wata gwargwadon data. Matsalarsu ɗaya, da yawansu katin banki suke so. Ka tabbata layin mai lambar kira ne, domin na data zalla ba ya amfani a fom ɗin haya.

Bankuna da yawa suna ɗari-ɗari da wanda bai cika wata shida a ƙasar ba. Bankin gidan waya, Yucho, shi ne aka fi samun sauƙi a wurinsa, daga baya ka iya ƙarawa da Bankin Fukuoka ko Nishi-Nippon City idan wurin aikinka ya fi son su. Ka zaɓi yadda za a rubuta sunanka da baƙaƙen katakana, rubutun Japan da ake rubuta sunayen baƙi da shi, sau ɗaya, ka riƙe shi a ko'ina. Idan Muhammad ɗin banki ya bambanta da na kamfanin waya da harafi guda, biyan kuɗi zai riƙa dawowa. Ranar da za ka bar ƙasar kuma ka rufe asusun. Sayar da shi ko ba wani aro laifi ne da ake kama mutane a kansa.

Mataki na biyar: kama gida

A nan kuɗin yake tafiya, don haka bari in daɗe.

Tallan gidaje a shafuka irin su SUUMO da HOME'S suna da alamominsu. 1R ɗaki ɗaya ne da murhu a cikinsa, 1K ɗaki da ɗan kicin da aka raba da ƙofa, 1LDK ɗaki da falo, 2DK ɗaki biyu da wurin cin abinci. Faɗin ɗaki da tabarmar tatami ake auna shi; ɗaki mai tabarma shida bai wuce murabba'in mita goma ba. A Fukuoka 1K mai kyau yana kamawa daga kamar yen 40,000 zuwa 60,000 a wata. Kusa da Tenjin da Hakata, wato tsakiyar birni, ya fi haka, a Higashi da Minami da tsofaffin gine-gine kuma ana samun ƙasa da haka. Irin wannan ɗakin a tsakiyar Tokyo sai ka doshi 90,000 ko fiye. A kan haya akwai kuɗin kula da gini, kanrihi, na 'yan dubbai kowane wata, ka haɗa shi a lissafinka tun farko.

Mu ɗauki misalin ɗakin yen 50,000. Hayar watan farko 50,000, tare da ragowar kwanakin watan da ka shiga. Kuɗin ajiya, shikikin, wata ɗaya, 50,000. Daga cikinsa za a cire gyara ranar da ka tashi. Sai reikin, goron mai gida, wata ɗaya ko biyu da ba ya dawowa har abada. La'adar dillali, wadda doka ta ce kada ta wuce hayar wata ɗaya da haraji, 55,000 ke nan. Kamfanin da zai tsaya maka, tunda ba ka da ɗan'uwa ɗan Japan da zai sa hannu, yana karɓar rabin hayar wata zuwa wata guda, sannan wani abu duk shekara. Inshorar gobara ta shekara biyu tana kusa da 15,000 zuwa 20,000, canjin makulli shi ma kamar haka, wasu kuma su karɓi kuɗin share ɗaki tun a gaba. Ka haɗa za ka ga ka doshi yen 270,000 zuwa 300,000.

Ana iya rage wannan. Gidaje da yawa ana tallarsu ba shikikin ba reikin, sai dai ka karanta sharaɗin fita da kyau, don sau da yawa abin da aka yafe a ƙofar shiga a ƙofar fita ake karɓarsa, ko a ɗora tara ga wanda ya tashi kafin shekara. A wasu kwantiragin Kyushu akwai shikibiki, wani kaso na kuɗin ajiya da aka yanke tun farko cewa ba zai dawo ba ko da ka bar ɗakin tsaf. Ka tambaya kafin ka sa hannu. Lokaci ma yana da tasiri: shekarar karatu da ta aiki a watan Afrilu suke farawa, saboda haka Fabrairu da Maris kasuwar masu gida ce, babu ragi. Daga Yuni zuwa Agusta ɗakunan da suka yi kwantai suna nan, za ka iya neman a cire reikin ko a ba ka wata guda kyauta.

A ganina mai iyali ya fara duba gidajen UR, hukumar gidajen haya ta gwamnati. Babu reikin, babu la'ada, babu mai tsaya maka, babu kuɗin sabunta kwantiragi, kuma ba a korar mutum don baƙo ne. Ajiyar wata biyu ake bayarwa, sai ka nuna albashi ko ajiyar banki da ta kai ƙa'idarsu, ko ka biya hayar shekara a gaba. Gine-ginen da yawa tsofaffi ne, wasu babu lifta, amma ɗakunan suna da faɗi.

Wata gaskiya mara daɗi: akwai masu gidan da ba sa ba baƙi haya, ba sa ma ɓoyewa. Ka gaya wa dillali tun a zaman farko ya tace maka waɗanda ke karɓar baƙi, kada ka ɓata yini kana kallon ɗakin da ba za a ba ka ba. In ka samu abokin aiki ko ɗalibi ɗan ƙasar ya raka ka, magana ta fi tafiya.

Abubuwa uku nake so ka duba da idonka. Gas ɗin na bututun gari ne ko na tukunya, wato puropan? Na tukunya ya fi tsada sosai, da sanyi za ka ji a jikinka. Akwai na'urar sanyaya ɗaki a manne? Ita ce kuma ke ɗumama shi, idan babu, saye da ɗaurawa wani babban kuɗi ne. Ginin na katako ne ko na kankare? Na katako ya fi araha, amma maƙwabci yana jin tarinka, kuma ƙorafin hayaniya, musamman hirar waya da daddare da mutanen gida, yana cikin abin da ya fi haɗa baƙi da masu gida. Ka kuma nemi taswirar ambaliya ta unguwar, domin Fukuoka na shan ruwa mai ƙarfi a Yuni da Yuli, guguwar taifun kuma ta biyo baya har zuwa Satumba.

Ɗaliban Jami'ar Kyushu su lura: jami'ar ta gama ƙaura daga Hakozaki zuwa harabar Ito da ke can yamma a 2018. Masallacin Fukuoka kuwa, wanda aka buɗe a 2009, na farko a Kyushu, yana nan Hakozaki a gundumar Higashi. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa ta jirgi da bas. Sai ka zaɓa, kusa da aji ko kusa da jam'i.

Idan ka tare a sabon gidan, ka koma ofishin gunduma cikin kwana 14 a canza adireshin, ka kuma cika fom a gidan waya su riƙa juyo maka wasiƙu kyauta har shekara guda.

Mataki na shida: wuta, ruwa, gas da kayan ɗaki

Wuta da ruwa ta waya ko intanet ake buɗe su. Kyushu Electric ne babban kamfanin wuta, ruwa kuma na hukumar birni ne, wata bibbiyu ake kawo takardarsa. Gas sai ma'aikaci ya zo kana nan ya buɗe, don haka ka sa rana tun kafin ka tare, in ba haka ba wankan ruwan sanyi ne. Duk takardun biyan nan ana iya kai su kantin konbini, irin su Lawson da 7-Eleven, a biya a kanta ko da tsakar dare.

Firiji da injin wanki da murhu ka nufi shagunan kayan hannu irin su 2nd Street da Hard Off, ko ka tambayi ɗaliban da ke gama karatu a Maris da Satumba, waɗanda zubar da manyan kaya kuɗi yake ci musu, saboda haka kyauta ma suna bayarwa. Katifar shimfiɗa ta futon da labule a Nitori, kwanuka da tsintsiya a Daiso, inda yawancin kaya yen 110 ne. Ka auna taga da gurbin injin wanki kafin ka fita. Yen 50,000 zuwa 80,000 za su kafa maka ɗaki idan ba sabo kake nema ba.

Shara tana da dokarta. Fukuoka da daddare ake kwashe ta, saɓanin yawancin biranen ƙasar: ana fitarwa daga faɗuwar rana zuwa sha biyun dare a ranar unguwarku. Sai a cikin ledar hukuma da ake saya a kanti, ja ta abin da ke ƙonewa, sau biyu a mako, shuɗiya ta abin da ba ya ƙonewa, rawaya ta kwalabe da gorunan roba, waɗannan biyun sau ɗaya a wata. Babbar jar leda mai lita 45 yen 45 ce. Wanda ya cakuɗa, za a bar masa ledarsa da takardar gargaɗi a manne.

Abinci

Abincin da Fukuoka ta yi suna da shi, taliyar ramen ta Hakata, da romon ƙashin alade ake yin ta. Wannan kowa ya sani. Wanda ke shige wa mutum ba sani shi ne na cikin leda: burodi, biskit, miyar kwali, alewa. Ka haddace waɗannan alamomin ka riƙa duba bayan kaya: 豚 alade, ラード kitsen alade, ゼラチン jelatin, 酒 giya, みりん giyar girki. Kantin Gyomu Super yana sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal daga Brazil da araha, akwai kuma shagunan halal a kewayen Hakozaki inda ake samun naman rago da na sa da kayan yaji. Kifi kuwa a nan garin ba a magana, ga yawa ga kyau.

Shinkafa ta yi tsada, a 2025 buhun kilo biyar ya haura yen 4,000. Mai dafawa da kansa zai ci da yen 30,000 zuwa 40,000 a wata. Ka riƙa zuwa kanti bayan bakwai ko takwas na dare lokacin da ake manna wa kifi da dafaffen abinci takardar ragi, har rabin kuɗi. Harajin saye kashi 8 ne a kan abincin da za ka tafi da shi, kashi 10 a kan sauran kaya da cin abinci a zaune.

Zirga-zirga

Layukan ƙarƙashin ƙasa uku ne, Kuko da Hakozaki da Nanakuma, mafi ƙarancin kuɗi yen 210. Inda ba su kai ba bas ɗin Nishitetsu yana kaiwa. Ka sayi katin taɓawa ɗaya, Hayakaken ko nimoca ko SUGOCA, kowanne yana aiki a jirgi da bas da kanti. Yawancin kamfanoni suna biya wa ma'aikaci kuɗin tikitin wata.

Garin shimfiɗaɗɗe ne, keke ya wadatar. Ka yi masa rajista a shagon da ka saya, ka riƙe rasit, ka yi inshorar keke domin wajibi ce a lardin. Keken da ka tsinta a yashe kada ka hau, sata ce a idon doka. Wanda ya ajiye nasa a bakin titi a Tenjin kuma zai dawo ya tarar an kwashe, sai ya biya kafin a ba shi. Mota ka manta da ita a shekarar farko. Lambar 'yan sanda 110, motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119. In ciwo ba na gaggawa ba ne ka fara da ƙaramin asibitin unguwa, don babban asibiti yana ƙara yen 7,000 ko fiye ga wanda ya zo ba takardar turawa.

Lissafin wata, da abin da ke jira a shekara ta biyu

Ga mutum ɗaya mai tsimi: haya da kanrihi kamar 53,000, wuta da gas da ruwa kamar 10,000, sun fi haka a Janairu da Agusta, abinci 35,000, waya 3,000, kuɗin jirgi da bas 6,000, inshorar ɗalibi 2,000, sabulu da aski da sauran tarkace 10,000. Ka sa tsakanin yen 110,000 da 140,000. Tallafin karatu na gwamnatin Japan, MEXT, yana ba ɗaliban digiri na biyu da na uku kusan 144,000 zuwa 145,000 a wata, ka ga a Fukuoka yana isa har a ɗan aika gida. Mafi ƙarancin albashi a lardin ya tashi daga yen 992 a awa zuwa 1,057 a ƙarshen 2025. Ɗalibin da ya cika awa 28 ɗinsa zai samu kusan 118,000 a mako huɗu: zai ci ya biya haya, amma kuɗin makaranta ba zai fito daga nan ba, ko me dillali ya gaya maka.

Idan aka haɗa kuɗin kama gida, kayan ɗaki, masaukin wucin gadi da cefanen wata biyu kafin albashi, ni ba zan ba kowa shawarar ya sauka da ƙasa da yen 500,000 zuwa 600,000 ba, sai in makaranta ko kamfani ya ba shi masauki.

Ma'aikaci ya sani abin da ke cikin takardar ɗauka ba shi ke shiga asusu ba. Inshora da fansho suna cin kusan kashi 15, ga harajin albashi. Sannan akwai harajin mazauna, juminzei, kusan kashi 10 na abin da ake yi wa haraji daga samun shekarar da ta wuce. A shekarar farko ba za a cire maka ba tunda ba ka da bara a Japan. Daga watan Yunin shekara ta biyu zai fara, sai ka ga albashi ya ragu alhali ba a rage maka komai ba. Ɗalibi mai aikin wucin gadi shi ma inshorarsa za ta tashi a wannan lokacin. Ka riƙa ware wani abu tun daga watan farko, kuma kada ka bari bashin haraji ko inshora ya taru, domin hukumar shige da fice tana duba su wajen sabunta izinin zama, wanda ake iya nema tun saura wata uku ya ƙare.

In za ka je gida hutu, ka yi alama a gurbin izinin dawowa na musamman a katin fita da ake cikawa a filin jirgi, ka dawo cikin shekara guda kuma kafin izinin zamanka ya ƙare. In kuwa tafiyar ta gaba ɗaya ce, ka sanar da ofishin gunduma, ka biya ragowar juminzei, sannan ka nemi a mayar maka da wani kaso na kuɗin fanshon da ka zuba. Sharaɗin shi ne ka biya aƙalla wata shida, ka kuma aika takardar nema cikin shekara biyu da barin ƙasar. Ana lissafa har na wata 60.